Babanmu direban babbar mota ya rasu, shawara nake nema kan motar da ya bari

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah duk wanda zai amsa ya amsa tsakani da Allah saboda akwai haƙƙin marayu a cikin maganar.

Mahaifinmu Allah ya yi mishi rasuwa bayan Babbar Sallah, nan gida Jega ya cika a gaban iyalinshi, hawan jini ne da ciwon baya da ya daɗe yana fama dasu. Direban babbar mota ne, aikin da ya sani kenan tun tasowarshi. Yana yaro ya shiga tasha a matsayin karen mota, tun kafin a cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, zamanin babbar motar nan 911 mai bodin katako, shi ne saka weji shi ne wankin mota shi ne kwana ƙarƙashinta yana gadin kayan mutane. Da ya karɓi sitiyari ya yi wa wani Alhaji tuƙi shekara da shekaru, sai da furfura ta fara fito mishi sannan ya haɗa abin da ya tara da kuɗin wata gona da ya gada ya sayi tashi ta kanshi, tsohuwar DAF. Albasa yake ɗauka daga Aliero zuwa Mile 12 a Legas ko kasuwannin Ibadan, wani lokaci shinkafa, in Sallah ta matso raguna da shanu, in zai dawo ya ɗauko abin da ya samu, goro daga Shagamu ko manja ko gishiri, don dai kar mota ta dawo wayam.

Mu 11 ya bari da iyayenmu mata 2, huɗu daga cikinmu basu balaga ba, auta ma yana aji 2 na firamare. Baba bai yi boko ba allo kawai ya yi, amma wallahi babu ɗaya a cikinmu mace ko namiji da aka taɓa korowa gida saboda kuɗin makaranta. In ya dawo daga tafiya tun bai cire rigar da duk ta yi baƙi da mai ba zai zauna bakin zaure ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, wa ake bi kuɗi a makaranta, wa takalminshi ya tsinke, wa bashi da lafiya, sai ya gama da wannan zai ce a kai mishi ruwan wanka. Kakarmu kuwa har ta koma ga Allah goronta bai taɓa yankewa ba. Abu ɗaya da ya kafe a kai shi ne babu wanda zai shiga mota a cikin 'ya'yanshi, ko wasa ya ga kana yi da sitiyari ranar zaka ga ɓacin ranshi, yace shi ya sha wahalar hanya ne don kada mu sha. To yau ga shi ya tafi, mota tana fake a gareji kuma duk gidan babu wanda ya san ko yadda ake duba mai a cikinta.

Yanzu kan gida ya rabu. Kawu, ƙanin Baba, yace a sayar a raba gado tun kafin ta lalace a ajiye. Babban yayanmu yace a'a, a ba yaron motar Baba makulli tunda ya daɗe tare dashi kuma yana da lasin, ya ci gaba da lodi ana ciyar da ƙanana. Ni kuma abin da ke raina a sayar a fara haƙa mishi rijiya a unguwa ta zama sadaka mai gudana, sauran a raba. Sannan mun tarar da wani ɗan littafi a aljihun gaban mota, da ajami ya rubuta, bashin da ake binshi da wanda yake bin mutane, akwai bakanike a Kontagora akwai mai taya a Jebba har da mai abinci a Ogere.

Masu mota da malamai da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan, me kuka gani? Kuma in akwai wanda ya yi tuƙi a wannan hanyar ya ɗan bamu labarinta, Baba baya hirar hanya a gida ko kaɗan, in ka tambaye shi sai yace lafiya lau alhamdulillah.

Tsohon Direba Yawuri:

Wa alaikumus salam. Allah shi jiƙan Baba, shi gahwarta mai, shi sa aljanna ta makomatai. Ɗana ban san mahaihinka da suna ba, amma in dai albasa yad ɗauka bisa hanyag ga to ba shakka mun sha shayi tebur guda ko mun tsaya sahu guda bakin titi muna kasaru, don dut hanya guda mu ka bi.

Labarin hanya da kat tambaya. Ka taso Jega ka bi Koko ka iso nan Yawuri, ka shiga Neja ka kai Kontagora, sai Mokwa, ka ƙetare gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan, kana Legas. Ga baki abu kaɗan na. Amma da lodi bisa kai in ka yi kwana 2 ka gode Allah, in mota ta samu matsala ko hanya ta tsaya sai ka yi 4 ka yi 5, kuma albasa ba ta jiran kowa, zahi shi bugi buhu ta hwara ruwa, mai kaya shina ta kiran wayarka shina hwaɗa sai ka ce kai kat tare hanya. Wanda yad ɗauko shanu nashi ya hi, shi ko barci ba shi samu, don in saniya guda ta kwanta cikin mota sauran take ta su ka yi, dole a tsaya a tada ta ko tsakiyar dare na. Tsohuwar hanya tsakanin Oyo da Ogbomosho ƙunci gare ta, ga tankoki ga tireloli, 'yan uwanmu da munka rasa nan Allah kaɗai yas san yawansu. Ga masu shinge, kowane da kalar rigatai da kalar rasit nai, kuɗin hanya da mai kaya yab ba ka kahin ka kai sun ƙare ka shiga aljihunka.

Kuma dut abin da yat tashi ƙasag ga direba shi ka hwara sha. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, da 'yan kasuwar abinci da dabbobi sunka tsai da kai kaya kudu, motoci layi sunka yi Jebba da kaya bisa kai. Da anka ruhe boda a 2019 masu bin Kamba zama sunka yi. Ambaliyar Mokwa ta 2025 da tac cinye mutane da gidaje tak karya gada, wanda ke kudu ya maƙale wanda ke arewa ya maƙale. To shi ya sa Babanku ba shi ba ku labari. Mi za shi ce ma uwayenku? Shi ce jiya birki ya ƙi kamawa ga gangara? Dukanmu haka mu ke, lahiya lau ɗin nan ita mu ka kawowa gida tare da doya da burodi.

Zancen mota kau gaskiya ni ka hwaɗa maka ko da ɗaci, ku sayar. Tsohuwar mota mai ita kaɗai ta ka ciyarwa, kuma sai in shi ka tuƙa ta da hannunai. Babanku ya san kukanta, in sauti ya canza kaɗan shi tsaya shi duba tun abin na ƙarami, wani kau sai shi ce bari in lallaɓa in kai Mokwa, kahin nan inji ya buga. Ga gas, farkon 2022 lita ba ta kai naira 300 ba, kahin shekarar ta ƙare ta haura 700, daga baya ta wuce 1000. Ga taya, ga takardu, ga kuɗin tasha. Ranar da inji yab buga cikin daji wa za shi hidda kuɗin gyara? Rabon auta?

Littahin nan kau ku riƙe shi da kyau. Bakanike da mai taya da mai abinci ba takarda sunka yi da shi ba, huska tai sunka duba. Ku tai da ƙahwarku ku biya su.

Almajiri Daga Gwandu:

Allah ya gafarta masa ya ba ku haƙuri. Ɗan uwa niyyarka ta rijiya kyakkyawa ce amma akwai tsari, kuma tsarin ba namu ba ne. Abin da mamaci ya bari ana fara cire hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya in ya yi, ita ma kada ta wuce kashi 1 cikin 3 kuma ba a yi wa magaji, sai abin da ya rage a raba. Saboda haka littafin nan shi ne farko kafin maganar sayarwa ko bari. Ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Rabon kuma yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. Iyayenku mata su biyu tumuni za su raba a tsakaninsu, wato kashi 1 cikin 8, tunda akwai 'ya'ya. Sauran naku ne, namiji rabon mata biyu. Kawunku ba ya cikin magada tunda akwai 'ya'ya maza, don haka maganarsa shawara ce ta uba, a saurare shi a girmama shi amma ba shi zai yanke ba.

To rijiya fa? In Baba bai yi wasiyya da ita ba, ba za ku cire ta daga kan dukiyar gaba ɗaya ba, domin tun ranar da ya cika motar nan ta zama ta magada har da yaran nan huɗu, kuma yaro ƙarami ko ya ce ya yarda yardarsa ba ta zama hujja. Ku duba aya ta 10 a surar ku ga gargaɗin da aka yi kan dukiyar maraya. Ku manya kowa ya karɓi rabonsa, wanda ya so ya kawo ku haɗa ku haƙa, lada ya isa gare shi in sha Allah. Haka bashin da yake bin mutane, shi ma dukiyar magada ne, babba zai iya yafe nasa kason amma ba zai yafe na ƙarami ba.

In kun zaɓi a bar motar tana aiki shari'a ba ta hana ba, amma a yi mata kuɗi a gaban shaidu, a rubuta kason kowa, a san waliyyin yaran, a san wa ke riƙe lissafi. Ku je wurin malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, ko kotun shari'a ta garinku a yi komai a rubuce.

Maman 'Yan Biyu, Argungu:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Ni matar direba ce, maigidana yanzu haka da nake rubutun nan yana hanya, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Ƙanina na karanta duka, na ji ra'ayin Kawu na ji na Yaya na ji naka, ban ji inda kace ga abin da iyayenku mata suka ce ba. Don Allah fa. Matan nan su suka riƙe gidan duk shekarun da yake kan titi, in yaro ya kwana da zazzaɓi su ne, in hatsi ya ƙare saura kwana uku ya dawo su ne masu dabarar yadda ba za ku gane ba, kafin waya ta zo ma sai dai a aiki yaro tasha ya tambayi direbobin da suka dawo ko sun ganshi a hanya. Yanzu da wayar ma ba sauƙi, ka kira ka ji a kashe ka san daji ne ba sabis amma zuciya bata yarda, in aka ce tirela ta faɗi wajen Kontagora ranar ko ruwa baya wuce maƙogwaro sai ka ji muryarshi. Kuma kar ka ɗauka basu san komai a kan motar ba, wallahi matar direba ta san watan da mota ta kawo da watan da ta ci, don a tukunya take gani. Ku tambaye su a shekaru biyun nan na ƙarshe motar tana ciyar da gida ne ko Baba ne yake rufa mata asiri, amsar da za su baku ta fi ta kowa a nan.

Suna cikin takaba yanzu, wata 4 da kwana 10, ba lokacin da za a zo musu da dillalai ƙofar gida ana buga bodin motar mijinsu ana taya ta ba ne. Ku biya bashi wannan kam baya jira, sauran ku ɗan sassauta.

Sannan in an sayar ɗin, ina roƙonku kada a bar rabon ƙananan nan a kuɗi. Kuɗi a hannu kamar ruwa ne a kwando, yau biki gobe asibiti jibi wani ya zo aro, kafin auta ya gama firamare babu ko sisi kuma babu wanda zai ce shi ya ci. A saya musu abin da ake gani da ido, fadama ko shanu ko ɗan fili. Nan wajenmu mai fadamar shinkafa yana noma damina yana noma rani, ga kamfanonin casa a Argungu da Birnin Kebbi suna sayen shanshera, ko haya aka bayar da gonar kuɗin makaranta zai fito.

Yaron motar nan kuma kada ku karɓi makulli ku ce mishi an gode kawai. Shi ma uba ya rasa.

Dillalin Albasa Aliero:

Allah ya jiƙan shi. Baba na Yawuri a gafarce ni, kun fi ni sanin mota nesa ba kusa ba amma ni ta ɓangaren masu kaya zan yi magana. Mu nan abin da muke nema ba sabuwar mota ba ce, direban da zaka ɗora wa buhu 200 ka koma gida ka yi barci muke nema. Wanda ba zai sauke buhu biyar a hanya yace sun faɗi ba, wanda ba zai ɗora fasinja bisa kayanka su zauna su murƙushe albasa ba, wanda in ya kai zai kira ka yace ga yadda kasuwa take. Irin su kaɗan ne, kuma in mutum ya yi shekaru yana lodi a garin nan ba a taɓa jin kanshi da kowa ba to sunan nan ma jari ne, kuma yaron da ya taso a hannunshi masu kaya sun sanshi sun san tarbiyyar wa ya samu. Ranar da kuka sayar wa baƙo wannan duk ya tafi, ƙarfe kawai za a biya ku.

Ni da za a ji tawa, a gwada yaron kaka ɗaya. A yi yarjejeniya a rubuce kamar yadda Malam yace, ga balas ɗin da zai kawo duk sawu, ga abin da za a ware gefe na gyara wanda ba mai taɓawa. In an ga haske a ci gaba ko ma a sayar mishi ya riƙa biya a hankali, in ba a gani ba a sayar. In kuma sayarwar kuka tsayar to kar ku sayar da damina lokacin da kowa ya san a matse kuke, ku bari albasar rani ta kusa fitowa lokacin da ake rububin mota.

Tsohon Direba Yawuri:

Dillali ka yi gaskiya ga zancen amana, ban musa ba. Amma amana ba ta gyara giyabos. In za su gwada to sharaɗi guda, manya su ɗauki asara bisa kansu in ta zo, a hidda yaran nan huɗu daga ciki. In sun yarda da haka ni ba ni da magana.

Ɗan Jega:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabatanku. Malam na fahimta, rijiya zamu yi ta daga rabonmu mu manya, na yi magana da 'yan uwana mata biyu da ke aure har sun ce a sa dasu. Yaya Maman 'Yan Biyu jiya da dare na shiga wajen Inna da Umma na karanta musu abin da kika rubuta, sun yi kuka sun yi miki addu'a ke da maigidanki. Umma tace tun da gas ya yi tsada akwai sawun da Baba ke dawowa ba riba sai kuɗin abinci, amma bai taɓa bari mu sani ba. Inna kuma tace ko me za a yi a jira su fita takaba, kuma ita bata son a wulaƙanta yaron nan don Baba ɗa ya ɗauke shi, shi ya yi mishi aure ma.

Mun tsayar ranar Asabar ni da Yaya da yaron zamu kama hanya da littafin, Kontagora da Jebba, shi ya san wuraren da mutanen. Ta Ogere yace yana da lambarta za a tura mata. Maganar gwaji ko sayarwa sai bayan takaba za a zauna da Kawu da malami. Baba na Yawuri kafin lokacin me ya kamata mu riƙa yi wa motar don kar ta lalace a tsaye?

Tsohon Direba Yawuri:

Yaron ya sani amma ku tuna mai. Shi riƙa tada ta dut sati ta yi ɗumi, shi ɗan matsa da ita gaba ko baya don kada tayu su zauna wuri guda, in ya kashe shi cire kan batir. A ruhe bodi da tamfol saboda ruwa, kada a bar ta inda ruwa ka kwantawa. Jak da sifana da safaya taya ku kwashe ku kai gida, gareji hannu ya yi yawa. Takardun mota ku duba ranar da su ka ƙarewa ku ba Inna ta aje. In kun iso Yawuri ran Asabar ku tsaya tashar manyan motoci ku ce kuna neman tsohon da yay yi muku magana ga waya, ku sha ruwa kana ku wuce, akwai direbobin albasa nan da na tabbata sun san shi za su so su yi muku gaisuwa.